Kan Dutse a Gwafar Gawo

Ruwan da aka yi ranar Talata da la'asar ya jiƙa ƙasar Dudunni sosai, har in mutum ya tura hannu cikin ƙasa sai ya kai wuyan hannu bai taɓo busasshiya ba. Laraba da hantsi Sagir ya iso bakin gonarsa da shanun huɗa biyu, ya tsai da su a gindin aduwa, ya tsuguna yana gyara igiyar karkiya. Shanun ba nasa ba ne, na kawunsa ne na Kunduru wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Aron kwana uku ya ba shi. Asabar da sassafe za su koma, domin shi ma kawun yana da tasa gyaɗar da ke jiran kunya.

Gonar kuwa gado ce. Mahaifin Sagir, Malam Abdullatif, ya rasu da ranin nan, kuma Sagir bai yi wani zama da shi ba, tunda wajen dangin uwa ya tashi. Da ya dawo gida aka damƙa masa gonar, sai ya ƙudura a ransa zai nuna wa mutanen gari shi ma manomi ne. Ya yi mata shara irin wadda ba a taɓa yi mata ba. Tsohon ya bar gindin gamba nan da can a cikinta, sun kai ashirin, Sagir ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tumɓuke, ya tara, ya cinna wuta. Iska ta zo ta share sawun, ruwa ya zo ya daddale wurin. Gona ta yi fes.

Yana cikin ɗaura karkiya sai ga Kabo, wani dattijo maƙwabcinsu, zai wuce tasa gonar. Ya tsaya, ya daɗe yana duban filin.

"Sagiru, ina gambar da ke cikin gonar nan?"

"Na share ta, Baba. Tana tare wa garma hanya."

"Duka?"

"Duka."

Kabo ya sauke fartanya daga kafaɗarsa a hankali. "To kwance shanun nan ka bar su a inuwa. Akwai rijiya a gonarka."

Ya ba shi labari a tsaye. A da can gidan kakan Sagir a cikin gonar yake, da rijiyarsu mai zurfin gaba goma sha biyu. Da suka tashi suka koma cikin gari, sai aka jera azara a bakinta, aka zuba ƙasa a kai, aka dasa gamba don alama. Yau shekara hamsin ko fiye. Mutum ɗaya in ya taka ba komai, marigayi ma da hannu yake nomansa. Amma shanu biyu da garmar ƙarfe a kan azarar da gara ta yi shekara hamsin tana ci, wannan Kabo bai ƙarasa faɗa ba.

"Wace gambar ce a ciki, Baba?"

"Ubanka kaɗai ya sani. Ni dai na san wajen tsakiya ne, ko ɗan gabas kaɗan. Ko yamma." Ya mai da fartanya kafaɗa. "Cikin waɗanda suka ja ruwa a rijiyar nan, Iyatu ce ta rage. Gwaggonka ta Kankia."

Sagir bai tafi Kankia ranar ba. Ya ga kamar abin ba zai gagare shi ba, ya sami sanda ya feƙe, ya wuni yana tsikarin ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, shanu suna kwance suna tuƙa suna kallonsa. Har rana ta yi ja bai ji komai ba sai laka. Kwana ɗaya ya tafi.

Alhamis da sassafe ya hau babur ya nufi Kankia. Ya tarar da Gwaggo Iyatu, ƙanwar mahaifinsa, a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Tsufa ya tanƙwara mata baya, in ta miƙe kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ka tumɓuke gambar Yaya," in ji ta. Ba faɗa take ba, maimaitawa kawai ta yi. "Hannunka bai yi ciwo ba?"

"Ya yi, Gwaggo."

"Madalla. Da ka sha wuyar banza ba ko ciwo." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Gawon nan mai gwafa yana nan, ko shi ma ya tare ma hanya?"

"Yana nan."

"Dutsen bayan gari fa, ba ka share shi ba?"

Sagir ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"To rijiya ba ta ɓata ba. Ni in na tsaya jan ruwa, kan dutsen nan zama yake yi cikin gwafar gawo, daidai, kamar an aje ƙwai a ludayi. Ka tahi ka tsaya inda ka gan shi haka."

Ya ce yana tsoron kada ya yi kuskure, ya roƙe ta ta zo da kanta. Ta ce bayanta ba ya hawa babur. Nan aka tsaya, har ta tuna da Lucas.

Lucas shi ne mai shagon siminti da rodi a jikin gidan. Iyayensa daga kudu suka zo, amma a Kankia aka haife shi, Hausarsa ko ta Sagir albarka. Ya yi shekaru yana aikin safiyo, awon filaye, kafin ya ajiye ya buɗe shago. Ranar kuwa yana da siminti da zai kai wajen Kusada a akori-kurarsa. Da ya ji labari sai ya zaro waya daga aljihu.

"Mama, da a ce yanzu ne aka rufe ta, da ba a wahala ba. Kowane wuri a duniya yana da lamba biyu. Ɗaya ta gaya maka nisanka kudu da arewa, ɗaya gabas da yamma. In ka riƙe su, ko ruwa ya cinye garin za ka koma wurin."

"To duba mana ta rijiyar."

"Ai sai wanda ya tsaya a kanta ya rubuta."

"Ashe wayar taka sai an gaya mata take sani. Tashi mu tahi, ɗan safiyo, ka ɗauko rodi guda."

Kafin azahar sun isa. Aka shimfiɗa wa Iyatu buhu a gindin aduwa ta huta, Sagir ya shiga gona shi da Lucas. Gawon yana can iyakar gonar ta yamma, ya zubar da ganyensa kamar yadda gawo ke yi da damina, rassan nan biyu sun rabu sarai. Can bayansa da nisa, ga ɗan dutsen, kansa a mulmule.

Sagir bai taɓa lura da cewa dutse yana tafiya ba sai ranar. In ya gusa dama, sai kan dutsen ya zame ya ɓuya bayan reshe ɗaya. In ya gusa hagu, ya ɓuya bayan ɗayan. Da ya samo tsakiya, sai ya ga dutsen ya yi sama da gwafar da yawa, yana shawagi. Ya riƙa matsawa wajen gawon, dutsen yana saukowa a hankali, yana saukowa, har ya zauna. Kamar ƙwai a ludayi, ba ƙari ba ragi.

"Ga shi nan," ya ce.

Lucas ya kafa rodi, suka danna tare. Ya shige har kusan ƙugu, babu abin da ya tare shi. Suka zare suka matsa taku ɗaya, suka sake. Suka zagaye wurin da huji kamar rariya. Ƙasa ce kawai.

Iyatu ta taso da sandarta. "Nan wajen ba shi ba ne. Kun cika kusa da gawo." Ta ce allura ce ta gagare ta yanzu, amma abin nesa tana ganinsa tar. Ta shiga layin, ta riƙa ja da baya tana ɗaga wuya, tana ja, tana ja, Sagir yana biye da ita kada ta faɗi, har ta tsaya cak. "Nan."

Tsakanin wurinta da nasa taku ashirin da biyar ne, Lucas ya ƙirga. Nan ma aka soka rodi har hannuwa suka yi zafi. Babu azara, babu rami.

Suka koma inuwa. Sagir ya dubi rana, ya dubi shanun kawunsa, ya dubi ƙasar da ta fara yin fari-fari a sama. In ta sha iskar yau da ta gobe, garma ba za ta shige ta da daɗi ba. Ya ce a hankali, don kada ya zama kamar yana ƙaryata babba, "Gwaggo, ko gawon ne ya girma? Shekara hamsin fa. Wataƙila gwafar ta yi sama."

"Kai manomi ne kuwa? Ka taɓa ganin an kafa ƙusa a jikin itace, an dawo an tarar ta hau sama? Ta can ƙarshen reshe yake ƙaruwa. Gwafar nan inda na bar ta nan take, ƙiba kawai ta yi."

Lucas ya ce gaskiyarta, a aikinsu ma sukan yi alama a jikin itace su dawo bayan shekaru su same ta a inda take. Amma dai rijiya ba ta fito ba. Yana zaune yana ta zane a ƙasa da tsinke yana gogewa.

Sagir ya tashi ya koma wurin da ya fara tsayawa, ba don yana da wata dabara ba, zaman ne ya gagare shi. Kan dutse yana nan zaune a gwafa. Ƙaya ta shiga takalminsa, ya ɗan rusuna zai cire, idonsa bai bar gawon ba, sai ya ga dutsen ya nutse bayan kututture, ya ɓace. Ya miƙe, dutse ya dawo. Ya sake rusunawa, ya sake nutsewa. Sau uku ya yi haka.

"Malam Lucas," ya kira, "zo ka ga wani abu. Ni ban gusa ba, amma in na rage tsawo sai ya gudu."

Lucas ya zo ya gwada, ya tsuguna ya miƙe, sannan ya yi dariya har da dafa gwiwa. Ya ja Sagir zuwa gindin aduwa, ya share ƙasa a gaban Iyatu, ya zana dutse, ya zana gawo, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga kan dutsen ya ratsa ta gwafar ya gangaro cikin gona.

"Mama, ki ɗauka zare ne aka ɗaure a kan dutse, aka zaro shi ta gwafa, aka ja shi ya miƙe. Kin ga saukowa yake yi. Duk wanda idonsa ya taɓa zaren nan, zai ga ƙwai a ludayi. Dogo irin Sagir tun kusa da gawo zai ci karo da shi. Gajere sai ya ja baya, inda zaren ya sauko." Ya ajiye tsinken. "Ke fa lambobin nan biyu kika ba mu tun a Kankia. Hagu da dama, wannan layi ne. Sama da ƙasa, wannan nisa ne. Abin da ya rage mana shi ne idon da ya gani. Ba na Sagir ba, kuma ba naki na yau ba."

Iyatu ta dubi zanen. "Wato yarinyar ake nema."

"Ita."

"To ta tahi. Doguwa ce kuwa, ba irin wannan abin da kuke gani ba."

Sagir ya tambaya ko akwai hoto, ta ce wa ya ɗauke su hoto a gona. Ko akwai ƙofar da kanta ke taɓawa, ta ce ɗakin ya zama ƙasa tun kafin a haife shi. Ko akwai wadda suke kai ɗaya, ta lissafa mata uku, duk sun riga mu gidan gaskiya.

Sai ta miƙa hannu za ta ɗauki butar ruwa da ke nesa da ita kaɗan, ta ɗauko ba tare da ta motsa daga zaune ba. Lucas ya bi hannun da kallo.

"Mama, bayanki ne ya tanƙware. Hannuwan fa?"

"Mi suka yi?"

"Ba su rage ba. Mutum in ya ware hannuwansa, daga ƙarshen wannan yatsa zuwa ƙarshen wancan, kusan tsawonsa ke nan a tsaye. Baya yana gajarta, hannu ba ya yi."

"Gaba guda ke nan," in ji ta, "irin wadda muke auna igiyar guga." Ta dubi hannuwanta kamar yau ta fara ganinsu. "Ashe nan ta ɓuya."

Sagir ya zaro kara mai tsawo daga dannin gonar Kabo. Iyatu ta ware hannuwa, ya tallafe mata gwiwar hannu ɗaya a hankali saboda kafaɗar tana mata ciwo, Lucas ya ɗora karan ya yi alama da farce, aka karya. Da Sagir ya kafa karan a ƙasa, sai ga shi ya kai masa haɓa. Ya dubi karan, ya dubi tsohuwar da ke zaune a kan buhu.

Lucas ya auno daga tsakiyar kanta zuwa idonta, yatsu biyar, ya rage daga karan. Har sun juya za su shiga gona ta tsai da su.

"Ku tsaya. Ba a ƙasa nake tsayawa ba. Akwai gungumen kirya a bakin rijiyar, shi muke takawa."

"Kaurinsa fa, Mama?"

Ta buɗe tafin hannunta, babban yatsa da na tsakiya. "Taƙi guda. Nawa, ba naka ba."

Aka ɗaura wani guntun kara aka ƙara taƙi guda. Lucas yana ɗauri yana girgiza kai, ya ce ya yi aiki da mutane masu takardu da na'urori, kaɗan ne a cikinsu za su tuna da gungume.

Sagir ne ya riƙe karan. Ya fara daga wurinsa na farko, ya rusuna ya sa idonsa daidai bakin karan, dutse a nutse. Ya ja baya taku ɗaya ya kafa, ya duba. Ya sake ja. A taku na biyar wani ɗan baƙi ya leƙo daga gwafar. A na bakwai ya fito rabi. A na tara ya zauna.

Lucas ya ɗaga rodi zai soka a gindin karan.

"Ɗan safiyo," in ji Iyatu, ta iso tana dogara sanda, "cikin rijiya aka ce maka nake tsayawa? Nan gungume ne. Rijiya tana tsakanina da gawo. Matsa taku biyu."

Ya matsa. Suka danna rodi, ya shige kamu ɗaya, kamu biyu, sai ya tsaya da wani sauti, ƙum, irin na an bugi tulun da ba ruwa. Sagir ya ji sautin a tafin ƙafarsa. Suka ƙara danna kaɗan, wani abu ya ɓurma a ƙasa, rodin ya zurma da kansa, ba don Lucas ya riƙe shi da hannu biyu ba da ya tafi. Suka ja baya dukansu. Daga hujin wata iska mai sanyi ta taso, mai warin tsohuwar laka.

Sagir ya kawo fartanya ya yaye ƙasar daga gefe, yana kwance rub da ciki. Azarar farko da ya taɓa ta marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa. Ya juya ya dubi shanun a gindin aduwa, ya yi hamdala a hankali.

Ya sari ƙayar aduwa da ta magarya ya kewaye wurin da faɗi, ya kafa itace huɗu. Lucas ya tsaya a gefe ya danna wayarsa, ya rubuta wa Sagir lambobin a bayan takardar siminti, ya ce ya adana. Sannan ya ce simintin mutane yana jiransa, zai dawo ya ɗauki Mama kafin magariba.

Da suka rage su biyu, Sagir yana ɗaura wa shanu karkiya, ya tambayi abin da ke ransa tun safe.

"Gwaggo, me ya sa kika riƙe wurin nan haka? Mutum yana jan ruwa, ai guga yake kallo."

"Tsoro nake ji," in ji ta. "In na leƙa ciki sai jiri ya ɗebe ni. Sau biyu ina sakin guga, Inna ta yi mini dukan tsiya. Sai ubanka ya ce, kar ki ƙara duban ƙasa, ki sa idonki can, kin ga dutse a gwafa? Ki riƙe shi, hannunki ya san aikinsa. Shekara shida ina kallonsa safe da yamma." Ta gyara zama a kan buhun. "Shi ma tsoron yake ji, ashe. Sai da muka tsufa ya gaya mini."

Sagir ya tsaya da igiya a hannu. Ba a taɓa ba shi labarin mahaifinsa yana yaro ba. Ya so ya ƙara tambaya, amma rana ta karkata, ƙasa kuma tana shan iska.

Ya kora shanun zuwa iyakar gabas, ya kafa garma, ya yi bisimilla. Bakin ƙarfen ya shige, ƙasa ta buɗe baƙa ƙirin, da sauran danshinta. Ya kai ƙarshe ya juyo, ya ɗauko kunya ta biyu. Da ya zo daidai aduwa ya ji tana magana, ya tsai da shanun.

"Na'am, Gwaggo?"

"Cewa na yi kunyar farkon nan ta karkace. Ci gaba dai, gyaɗa ba ta sani ba."